Perfect Blue, Audition ko Creepy: wane fim ɗin bibiya na Japan za ka fara da shi?

Duk wanda ya taso da finafinan Indiya ya san jarumin nan da ke bin yarinya daga ƙofar makaranta har tashar bas. Ta zage shi ya yi murmushi, ta mare shi ya shafa kumatu, kafin a kai rabin fim ta kamu da sonsa an hau tsauni ana rawa. A can naci ado ne ga saurayi. Masu shirya fim a Japan sun ɗauko wannan mutumin dai, mai laɓewa a bakin layi, wanda ya haddace lokacin fitar yarinya da na dawowarta, suka cire masa kiɗa da waƙa, suka ajiye mana shi a gaba yadda yake. Daga nan suka samar da wasu daga cikin finafinan da suka fi tayar da tsigar jiki a shekaru talatin ɗin nan.

Guda biyar zan auna a nan: Perfect Blue na 1997, Audition na 1999, Creepy na 2016, Stolen Identity na 2018 da Under Your Bed na 2019. Dukansu labarin mutum ne da ya ƙwallafa rai a kan wani har abin ya zama ciwo, amma kowanne da inda yake zaunar da mai kallo. Wani ya sa ka a jikin wadda ake bi, wani a jikin mai bin, wani kuma ya bar ka kana zaton kai ne mafarauci har sai tarko ya rufe da kai. Wannan bambancin ya fi muhimmanci wajen zaɓe a kan yawan jinin da ke cikin kowanne, ko da yake jinin ma za mu yi maganarsa. Tun yanzu dai a sani, babu ko ɗaya a cikinsu da za a kunna a falo yara na zaune, balle a gaban surukai.

Idan ɗaya kawai za ka kalla, to Perfect Blue ne. Na san wasu da sun ji an ce katun ne za su taɓe baki, su ɗauka irin na yara ne da ake sa musu da safe. Minti goma na farko sun isa su kawar da wannan zaton. Shi ne fim na farko da Satoshi Kon ya ba da umarni, kamfanin Madhouse ya zana shi, an kuma ɗauko shi daga littafin Yoshikazu Takeuchi. Sharaɗin da aka gindaya wa Kon shi ne ya bar abubuwa uku a cikin labarin, wato mawaƙiya, mai bibiya da ban tsoro, sauran kuwa ya yi yadda ya ga dama. Shi da marubuci Sadayuki Murai sun yi amfani da wannan damar sosai.

Mima Kirigoe mawaƙiya ce a wata ƙungiyar 'yan mata uku mai suna CHAM!, irin matasan da kamfanoni ke reno su tallata su a matsayin 'yan mata masu kunya da tsafta, waɗanda magoya baya ke jin kamar mallakinsu ne. Sai ta sanar da cewa ta bar waƙa za ta koma wasan kwaikwayo. A wurin wasanta na ƙarshe akwai wani mai gadi mai muni da gashi ya rufe masa rabin fuska. Ya tsuguna can nesa, ya miƙa hannu daidai saitin idonsa, sai ka ga Mima 'yar mitsitsiya tana rawa a tafin hannunsa. Ba a ce komai ba, amma ka riga ka san yadda yake kallonta.

Daga nan abubuwa suka fara. Na'urar fax, mai karɓar rubutu ta layin tarho, ta tofo takarda cike da kalma ɗaya, maciya amana. Wasiƙar da aka aiko mata ta fashe a hannun manajanta. Abin da ya fi duka shi ne wani shafin intanet mai suna ɗakin Mima. A lokacin ita ko kwamfuta ba ta iya kunnawa ba, sai da aka zaunar da ita aka koya mata. Ta buɗe shafin ta tarar ana rubuta labarin yininta da muryarta, tamkar ita ke rubutawa: da wace ƙafa ta fara sauka daga jirgin ƙasa, wace irin madara ta saya a kanti. Da farko dariya ta yi. Tana ci gaba da karantawa dariyar ta ɗauke, ta tashi ta ja labule.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da ya biyo baya. Wasan talabijin ɗin da take ciki shi ma labarin kisa ne da taɓin hankali, don haka sannu a hankali ita da mai kallo suka daina bambance wurin ɗaukar fim da mafarki da zahiri. Za ta farka a kan gado, ka ce alhamdulillahi mafarki ne, sai ta sake farkawa a kan gadon. Kon yana yanka hoto daga wani wuri zuwa wani ba tare da ya yi maka sallama ba. Wanda ke kallo yana danne-dannen waya zai ɓata cikin minti biyu. Tsawonsa minti 81 ne kacal, amma yana son a ba shi duka hankali. Akwai kisa da ake nunawa ƙiri-ƙiri, akwai tsiraici, akwai kuma wani wuri da ake ɗaukar wasan fyaɗe wanda, duk da cewa a cikin labarin ma wasa ne, yana da nauyin kallo. Daraktan Amurka Darren Aronofsky ya kwaikwayi wani hoto na bahon wanka daga cikinsa a Requiem for a Dream, kuma masu kallo sun daɗe suna nuna kamannin Black Swan da shi. Kon ya rasu a 2010 yana da shekara 46, finafinai huɗu kawai ya kammala.

Abin da ke ƙara wa Perfect Blue nauyi shi ne lokacin da ya fito. A 1997 Japan ba ta da wata doka ta musamman a kan bibiya. Sai a Oktoban 1999 aka daɓa wa wata ɗalibar jami'a 'yar shekara 21 wuƙa da rana tsaka a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Okegawa da ke lardin Saitama. Ta shafe watanni tana kai ƙarar tsohon saurayinta da mutanensa wurin 'yan sanda ana yi mata riƙon sakainar kashi, har aka samu jami'an da suka sauya takardar ƙorafinta don su rage wa kansu aiki. Fushin da jama'a suka yi ne ya haifar da dokar hana bibiya ta 2000. Tun daga nan dokar ke bin bayan fasaha da gudu: an ƙara saƙon imel a 2013, an ƙara saƙonnin kafafen sada zumunta a 2016 bayan wani daga cikin magoya bayan wata mawaƙiya ya caccaka mata wuƙa a Koganei da ke Tokiyo, an ƙara na'urar bin sawu ta GPS a 2021. A 2019 kuwa an kama wani da ya gano tashar da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar zuƙo hotonta ya duba abin da ya bayyana a ƙwayar idonta. Kon ya zana irin waɗannan mutanen tun kafin a sami sunan laifinsu a kundin doka.

Audition kuma wata dabba ce daban. Shi ne wanda ya fi suna a waje, shi ne kuma wanda na fi jan kunne a kansa. Takashi Miike ya shirya shi daga littafin Ryu Murakami. Shigeharu Aoyama, wanda Ryo Ishibashi ya fito a matsayinsa, mutum ne mai rufin asiri da matarsa ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Ɗansa matashi ya ce masa Baba ka fara tsufa, ka sake aure mana. Abokinsa Yoshikawa, furodusa ne, ya kawo dabara: su shirya tantance 'yan wasa na wani fim da da wuya a yi shi, mata su zo, shi kuma Aoyama ya zauna a bayan tebur ya zaɓi matar aure. Mata talatin suka zo ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambayoyi. Shi kuwa tun daga takardar neman shiga zuciyarsa ta riga ta tafi ga Asami Yamazaki, 'yar shekara 24, tsohuwar mai rawar bale, sanye da fararen kaya, murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye.

Kusan awa guda fim ɗin na tafiya kamar labarin soyayyar dattijo mai kunya, har da ɗan barkwanci. Wanda bai san komai a kansa ba zai yi ta duba agogo. Yoshikawa ya gargaɗe shi cewa duk sunayen da yarinyar ta bayar babu wanda aka iya samu, ya roƙe shi kada ya kira ta. Sai aka nuna mana ɗakinta. Babu komai a ciki sai wayar tarho a ƙasa da wani ƙaton buhu a ɗaure can gefe. Tana zaune a ƙasa, gashi ya zubo ya rufe mata fuska, ba ta motsi, da alama ta daɗe a haka tana jira. Wayar ta yi ƙara. Murmushi ya fara buɗe mata baki a hankali. Sai buhun ya yi birgima.

Daga wannan wurin ba ka sake samun natsuwa. Abin da Asami ta nema a wurinsa ɗaya ne, ya so ta ita kaɗai, shi kuma ya amsa da saurin wanda bai tsaya ya ji tambayar ba, alhali yana da ɗa, yana da hoton marigayiya a kan tebur. Minti ashirin na ƙarshe azabtarwa ce da allurai da siririyar wayar ƙarfe, Eihi Shiina, wadda ta fito a matsayin Asami, tana yin ta da fara'a da wata 'yar tattausar murya kamar mai lallashin jariri. Lokacin da aka nuna shi a bikin finafinai na Rotterdam a ƙasar Holan a 2000 mutane da dama sun tashi sun fice. Ba don burge kowa nake faɗa ba: wanda ba ya iya kallon ana yi wa mutum allura a asibiti, ya tsallake wannan.

To me ya sa za a kalle shi? Saboda shi ne ya fi iya juya teburi. A Perfect Blue ka san wadda ake zalunta tun farko. A nan kuwa mutumin kirkin da kake tausaya wa shi ya fara yaudara, shi ya tara mata da ƙarya yana dubansu kamar kaya a kan tebur, shi ya fara bin sawunta zuwa tsohuwar makarantar rawarta da mashayar da ta ce tana aiki. Bai cancanci abin da ya same shi ba, amma fim ɗin bai bar shi ya fita da farar riga ba. Har yau masu sharhi ba su daidaita ba a kan ko fim ne da ke tsaya wa mata ko kuwa tsoron mata ne ya haife shi. Ni ina ganin Miike ya bar ƙofofin biyu a buɗe da gangan.

Wanda ke son a tayar masa da hankali ba tare da an watsa masa jini a fuska ba, Creepy ya fi dacewa da shi. Kiyoshi Kurosawa ne ya shirya shi (ba shi da dangantaka da Akira Kurosawa, suna ne kawai ya zo ɗaya) daga littafin Yutaka Maekawa. Takakura tsohon ɗan sandan bincike ne da ya ajiye aiki bayan ya ji rauni, ya koma koyar da halayyar masu laifi a jami'a. Shi da matarsa Yasuko da karensu suka tare a sabuwar unguwa, suka ɗauki 'yar tsaraba suna zagaya maƙwabta don gaisawa. A nan suka haɗu da Nishino.

Teruyuki Kagawa ne ya hau wannan matsayin, kuma rabin darajar fim ɗin nasa ne. Yau ka gaishe shi ya amsa a daƙile ya rufe ƙofa, gobe ya tare ka a hanya yana washe baki yana tsayawa kusa da kai fiye da kima, jibi ya kai ƙarar matarka wurinka wai tana damunsa. Babu abin da ya yi da za ka kai wa hukuma, amma jikinka ya riga ya gaya maka. Sai wata rana yarinyar gidan, Mio, ta ce wa Takakura mutumin nan fa ba mahaifinta ba ne, ba ta ma san shi ba. A gefe guda kuma Takakura ya nutse cikin binciken wani iyali da ya ɓace shekara shida baya, har bai lura da yadda matarsa ke canzawa a gabansa ba. Maitar a nan iri biyu ce: ta maƙwabcin da ke shiga gidajen mutane ya mallake su, da ta masanin da ke jin daɗin nazarin mugunta daga nesa alhali tana cin abinci a teburinsa. Labarin yana tuna wa Japanawa da shari'ar Kitakyushu da ta fito fili a 2002, inda mutum ɗaya ya mallaki iyali guda har ya sa suka hallaka juna.

Aibinsa biyu. Ya kai minti 130 kuma yana tafiya a hankali. Sannan a kashi na ƙarshe 'yan sandan cikinsa suna yin wautar da za ta sa ka yi wa allo tsawa, kowa ya zo sai ya shiga gidan shi kaɗai ba tare da ya gaya wa kowa ba. Idan kana cikin masu cewa ai wannan ba zai yiwu ba, za ka ji haushi. Idan kuma ka yarda cewa Nishino yana da wani irin kwarjini da ke kashe wa mutane jiki, to abin zai zauna maka daidai.

Under Your Bed na darakta Mari Asato, daga littafin Kei Oishi, shi ne ya fi wuyar yanke wa hukunci, domin a cikin kan mai bibiyar yake zaunar da kai, da muryarsa ake ba da labarin. Mitsui, wanda Kengo Kora ya fito a matsayinsa, mutum ne da tun yana yaro ba a lura da shi, a gida da makaranta. Sau ɗaya a jami'a wata yarinya, Chihiro, ta kira sunansa, suka sha kofi tare. Shekara 11 yana riƙe da wannan ranar. Ya nemo inda take, ya buɗe shagon sayar da kifin ado a unguwarta, yana leƙenta da madubin hangen nesa, ya dasa na'urar satar sauraro, har ya kai ga kwanciya a ƙarƙashin gadonta. Abin da ya gani shi ne mijinta yana dukanta kamar jaka. Nan fim ɗin ya ɗaure ka: wanda kaɗai ya san halin da take ciki shi ne wanda ba shi da hurumin sani. Za ka tsinci kanka kana roƙon ɗan leƙen asiri ya fito ya cece ta, daga baya ka ji kunyar kanka. Matsalata da shi ita ce ya tausaya wa Mitsui fiye da yadda ya kamata, ya kusa mayar da shi jarumin Indiyan nan ta bayan gida. Dukan da cin zarafin da ake nunawa kuma masu tsanani ne kuma ana maimaita su. Macen da ta taɓa shiga irin wannan halin, ko wanda ya taso a gidan da ake yi, ban ba shi shawarar kallo ba.

Stolen Identity shi ne mafi sauƙin haɗiya, kuma mafi rauni. Hideo Nakata, wanda ya yi Ringu a 1998, shi ya shirya shi daga littafin Akira Shiga. Saurayi ya manta wayarsa a tasi, budurwarsa Asami, wadda Keiko Kitagawa ta fito a matsayinta, ta kira, wani baƙo ya ɗauka cikin ladabi, aka dawo da waya lafiya lau. Bayan nan ne kuɗi suka fara fita daga katin banki, aka shiga shafukansu, sirrin da ta binne ya fara tonuwa, can a daji kuma 'yan sanda na haƙo gawarwakin mata masu dogon baƙin gashi. Rabin farko yana da amfani ƙwarai, domin yana nuna dalla-dalla yadda ake haɗa kalmar sirrin mutum daga abubuwan da shi da kansa ya baza a intanet. Za ka gama ka je ka canza taka. Rabin ƙarshe kuwa ya koma ihu da zare ido irin na wasan talabijin. Ya dace da daren da abokai suka taru ana son abin da kowa zai bi ba tare da ciwon kai ba. An yi masa ci gaba har biyu, Koriya ta Kudu ma ta sake yin sa da sunan Unlocked a 2023, yana kan Netflix, kuma a ganina na Koriyar ya fi tsari.

Masu son tono asali za su iske cewa wannan jigon ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1925 marubuci Edogawa Ranpo ya rubuta labarin mutumin da ke yawo a cikin rufin gidan haya yana leƙen maƙwabta, da na wani da ya ɓuya a cikin kujera don ya ji ɗumin masu zama. Daga littafinsa aka yi Blind Beast a 1969, inda makaho mai sassaƙa ya sace wata mai tallan kaya ya kulle ta. Wannan sai wanda ya riga ya saba da sauran, ba wurin farawa ba ne.

Da ni za a bi, a fara da Perfect Blue, a bi shi da Creepy bayan an huta, a ajiye Audition sai ranar da aka ji zuciya ta yi ƙarfi kuma ba a cika ciki ba. Perfect Blue da Audition duka suna lalacewa idan aka riga aka karanta ƙarshensu, don haka a guji taƙaitawar da ake yi a YouTube. A kalle su da muryar Japananci da fassara a ƙasan allo, musamman Audition, inda muryar Asami ita ce rabin tsoron. Wajen nema kuma a lura: akwai wani fim na mutane da ya fito a 2002 da sunan Perfect Blue, labarinsa daban ne, darakta ma daban. Wanda ake magana a kai shi ne na zane, mai sunan Satoshi Kon a jiki.